Kwamfutar Aljihun da Aka Tura a Baro

Duk layin masu shaguna na Herwagana babu wanda ya san ranar da Bamanga ya zama injiniya. An dai wayi gari an ga allo a ƙofar shagonsa da jan fenti: INJINIYA BAMANGA, LIKITAN KWAMFUTA DA DANGINTA. Da Ɗantala mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya tambaye shi wace makaranta ce ta ba shi wannan muƙami, sai ya ce makaranta ai wurin masu neman sani ce, shi kuwa da saninsa aka haife shi. Shaidar wannan sani tana nan birjik a unguwa. Firjin Suwaibatu mai zoɓo da ya gyara ya koma dafa zoɓon, fankar masallaci da ya taɓa ta koma juyi da baya tana zuƙe wa mutane iska.

Kwamfutarsa guda ɗaya ce, tsohuwa, mai ƙaton akwati da talabijin mai ƙeya. Wata uku ke nan had-dis ɗinta ya mutu, wato rumbun da take tashi daga cikinsa. In an kunna ta sai ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Bamanga ya lulluɓe ta da zanen gado, duk wanda ya tambaya sai ya ce tana hutun shekara.

A bakin shagon akwai benci, a kan bencin kullum akwai Ya Bawa, dattijo Babarbare mai ɗinkin hula da rikicin Borno ya koro Gombe. Kunnensa na hagu ya daina aiki tun ranar da suka gudo, na daman ma sai an ɗaga murya. Shekarun nan ne da ba a ajiye leda a bakin titi a tafi, shekarun da mai babur ke sauka ya tura abinsa in ya iso shingen sojoji.

Ranar wata Talata wani direba ya kawo wa Ya Bawa empitiri, ɗan abin sauraren waƙa da bai fi akwatin ashana ba. Amma ba waƙa ce a ciki ba. Wansa Wakil ne, wanda ya rage can inda aka yanke layin waya, ya yi magana a ciki, ya jero sunayen 'yan garinsu sittin da suke raye. Ya Bawa ya cusa iyafis, 'yar wayar sauraro, a kunnen dama ya saurara har sau huɗu, rabin sunayen suna kuɓuce masa. Abin da ya fi damunsa shi ne Halima Sadiya, 'yar garinsu da ke Barunde. Ta haihu, Juma'a suna, mijinta Muhammad Nur kuwa wata biyar babu labarinsa. Ya Bawa ya ji an ambaci Muhammad Nur, amma masu wannan suna uku ne a garinsu, kuma abin da ya biyo bayan sunan bai shiga kunnensa ba. Sai ya aika Barunde cewa ranar suna zai kawo muryar Wakil kowa ya ji da kunnensa.

"Mutum sittin da iyafis ɗaya?" in ji Bamanga, yana kaɗa kai. "Ya Bawa, ai sai a kwana uku ana miƙa kunne. Kawo in sa maka a lasifika."

Ɗantala ya leƙo daga shagonsa. "Ga 'yar waya nan a wurina. Ka soka bakinta ɗaya a empitiri, ɗayan a lasifika, magana ta ƙare."

"Wannan aikin masu gyaran rediyo ne," in ji Bamanga. "Ni sai na bi ta kwamfuta, a tace muryar, a wanke ta, a goge ta."

"Kwamfutar da ke hutun shekara?"

"Yau za ta koma bakin aiki."

Gaskiyar magana, tun da ya ɗora ido a kan empitirin wani tunani ya faɗo masa. Ya taɓa ganin wani ɗalibi ya soka filash, ɗan ƙaramin rumbun ajiyar bayanai, a jikin kwamfutar da ba ta da had-dis, ta tashi garau. To empitiri fa? Ai filash ne da ya iya waƙa. In ya zuba masa abin da ke tayar da kwamfuta, shi ke nan ya ƙera kwamfutar aljihu: ka saurari waƙa a hanya, ka isa ofis ka soka, ofis ya tashi. Har ya hango hotonsa a jarida.

Ya Bawa ya riƙe abin da hannu biyu. "Injiniya, wana ne a ciki. Babu wani wurin da yake sai nan."

"Ko tarinsa ɗaya ba zai ɓata ba. Useni, don Allah, ka ba ni kwana biyu."

Dattijon ya miƙa, amma sai da Bamanga ya ɗan ja kafin yatsun su saki.

Laraba ta tafi a talla. Bamanga ya bi layi shago-shago yana shelar cewa abin da yake haɗawa, in ya tashi ranar Juma'a, duk Gombe sai ta ji. Ya gaya wa Suwaibatu cewa Barunde sai ta girgiza. Ya gaya wa mai wanki cewa bayan Juma'a sunansa zai shiga rediyo har na ƙasashen waje. Da aka tambaye shi mene ne abin, sai ya sa yatsa a baki ya ce sirri ne, kada hukuma ta ji ta ƙwace.

Alhamis da hantsi ya yaye zanen gado, wata kaza ta fito daga bayan akwatin kwamfutar ta bar ƙwai biyu. Ya ce alamar albarka ce. Ya zura faifan da ɗalibin nan ya manta a shagon, ya soka empitiri, talabijin ya fara jero tambayoyi da Turanci. Bamanga bai karanta ko ɗaya ba. Duk tambayar da ta fito sai ya danna maɓallin amincewa, don a ganinsa injiniyan da ke ce wa kwamfuta a'a tsoronta yake ji.

Can empitiri ya yi zafi kamar dankalin da aka ciro daga toka. Ya ruga ya aro kwanon ƙanƙara a wurin Suwaibatu, ya naɗe shi a leda ya dasa a tsakiya.

"In ya sha sanyin ya ƙoshi a dawo min da kwanona," in ji ta. "Kuma kada ka kalli sabon firjina ko da wutsiyar ido."

Zuwa la'asar ɗan gilashin fuskar empitirin, wanda a da yake nuna rubutu, ya yi baƙi ƙirin. Bamanga ya danna nan, ya danna can, ya busa masa iska, ya karanta masa abin da ya sawwaƙa. Shiru. Nan ya tuna cewa cikin tambayoyin da ya amince da su akwai wata da ta fito da jan rubutu irin na gargaɗi har sau biyu.

"Injiniya, in ɗan ji wana kafin in tafi gida," in ji Ya Bawa daga ƙofa.

"Ba ya magana yanzu, Ya Bawa. An yi masa ƙarin girma."

"An yi masa me?"

"Ƙarin girma!" Bamanga ya ɗaga murya. "Ya tashi daga mawaƙi ya zama ƙwaƙwalwa. Manya ba sa magana ko'ina."

"Kawo in gani," in ji Ɗantala.

"Kai ka tsaya ga rediyonka."

Ya cire faifan, ya mayar da empitirin jikin kwamfutar, ya kashe ta, ya sake kunnawa. Ikon Allah, ta yi tarinta biyu, sai ga fararen lambobi a baƙin allo suna sauka: goma, tara, takwas. Bamanga ya daka tsalle har kansa ya bugi kwanon rufi. Ana kaiwa huɗu aka ɗauke wuta, kuma ba a dawo da ita ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya aro batirin mota da inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida. Sai dai babu mai babur ko mai keke da ya yarda ya ɗauki akwatin ƙarfe da jajayen wayoyi a waɗannan shekaru. Ɗaya ma yana hango kayan ya juya ko sallama babu. Dole Bamanga ya ɗauki hayar baro. Aka loda akwati, aka loda talabijin mai ƙeya, batir, inbata, lasifika biyu, a can sama kuma empitiri yana lilo a bakin wayarsa. Ya Bawa ya buɗe lema ya yi wa wansa inuwa. Ɗantala ya rufe shago ya ce ko kasuwar wata guda zai rasa sai ya ga ƙarshen wannan abu. Suwaibatu ta biyo baya da kular zoɓo, tunda duk inda taro yake akwai ƙishirwa.

Tun kafin su yi rabin hanya tafukan Bamanga suka yi bororo. Da suka iso shingen da ke bakin Barunde, kusa da gidan sunan, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Mutane na jere a layi, masu babur suna turawa, mata ɗauke da kwanukan barka.

Wani kofur ya ɗaga hannu. "Kai! Wannan kaya na wane ne?"

"Nawa ne, oga. Ni na haɗa shi da hannuna. Babu irinsa a Najeriya."

Ƙa'idar shingen kuwa kowa ya san ta: duk mai ɗauke da na'ura, shi zai kunna abinsa a gani.

"Kunna shi," in ji kofur.

Bamanga ya gyara hula, ya dubi jama'a don ya tabbata kowa na kallo. Ya maƙala jar waya, ya maƙala baƙa, tartsatsi ya yi fat. Kwamfuta ta yi tari. Fararen lambobi suka fito.

Goma. Tara.

Kofur ya ƙura ido. "Mene ne yana ƙirga?"

Takwas. Bakwai.

"In ya kai sifili, me zai faru?"

A duk rayuwarsa Bamanga bai taɓa zaɓen lokacin faɗin gaskiya da ya fi wannan muni ba. "Wallahi oga, ni ma ban taɓa gani ba."

Kafin lamba ta kai biyar babu kowa a titi. Masu babur suka yar da baburansu. Kwanukan barka suka tashi sama, tuwo ya sauka a kan buhunan yashi. Sojoji suka nutse bayan shinge. Ɗantala, mai ciwon gwiwar da ba ya iya durƙuso a sallah, ya tsallake katangar wani gida bai taɓa ta ba. Suwaibatu ta ranta a na kare da kularta a ka. Bamanga da ya ga kowa na gudu, sai ya ce a ransa ƙila sun san abin da bai sani ba, ya yi sufa cikin kwata.

Mutum ɗaya ya rage, Ya Bawa. Bai ji tambayar ba, bai ji amsar ba. Yana tsaye riƙe da lema, yana mamakin inda jama'a suka nufa da sauri haka.

Lamba ta kai sifili. Kwamfuta ta ce ƙit, ta ci gaba da tunaninta.

Da aka tsamo Bamanga daga kwata, takalmi ɗaya, ganyen kabeji a kafaɗa, sai kofur ya sa shi tsallen kwaɗo na ɗan lokaci don jini ya sauka, sannan ya waiwayi waɗanda suka fara dawowa.

"Wa ya san wannan mutum?"

"Maƙwabcinmu ne, ranka ya daɗe," in ji Suwaibatu, da niyyar taimako. "Babban injiniya ne. Tun Laraba yake cewa abin da ya haɗa, in ya tashi, Barunde sai ta girgiza."

"Suwaiba!" in ji Bamanga.

"Ai kai ka ce duk Gombe sai ta ji. Har ka ce sirri ne, kada hukuma ta sani."

Kofur ya gyara riƙon bindigarsa. "To. Injiniya ne kai."

"Ni? Wa ya ce? Oga, wallahi tallahi ban iya komai ba! Allon nan ni na rubuta wa kaina. Ɗantala, don girman Allah gaya masa!"

Ɗantala ya karkaɗe rigarsa a tsanake. Shekara uku yana jiran wannan rana. "Ban ji da kyau ba. Me zan gaya masa?"

"Cewa ban iya ba!"

"Ɗaga murya, akwai na baya."

"BAN IYA BA! Ni na ƙona firjin Suwaibatu! Ni na juya fankar masallaci! Dutsen gugar mai wanki ma ni ne, ba wuta ba ce!"

"Ashe kai ne!" wani ya yi ihu daga cikin taro.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗantala, "wannan ko tocila ka ba shi ya sa wa batir, sai ta koma ba da duhu. In da abin tsoro ya yi niyyar haɗawa, da yanzu kunu yake damawa."

Kofur ya kusa yin dariya, amma ya haɗiye. Ya nuna empitirin da bakin bindiga. "Wannan ƙaramin abu ne ban yarda ba. Cire shi, a fasa da dutse, kowa ya tafi."

Wannan kam Ya Bawa ya gane, ko daga hannun da ya ga an miƙa. Ya yar da lemar, ya rufe empitirin da tafukansa biyu.

Sai taro ya dare. Wata mata ce ta fito daga lungu, lalle a ƙafa, jaririya a kafaɗa, tsofaffi biyu na biye da ita suna faɗan mai jego ba ta fita. Halima Sadiya ce, labari ya kai mata cewa an tsare Ya Bawa a shinge.

"Ranka ya daɗe," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "sunan mijina ne a ciki. Ko yana ciki, ko ba ya ciki. Ka bari in ji, sannan ka fasa."

Kofur ya dube ta, ya dubi jaririyar. Ya juya ga Bamanga. "In abin magana ne, sa shi ya yi magana."

Bamanga ya durƙusa gaban baro. Allon ya cika da ƙananan hotuna da bai taɓa gani ba. Jan rubutun nan na jiya ya dawo masa, ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko a cikin kwata, don wannan karon ba fatarsa ce a kan layi ba. Ya buɗe wannan, wayam. Ya buɗe wancan, wayam. Gumi na ɗiga a kan maɓallai. Can a wani lungu ya ga wani abu guda ɗaya tilo, ya rufe ido ya danna.

Lasifika ta yi ƙara, sai ga tarin tsoho. "Wushe, wushe," in ji muryar Wakil da gaisuwar Barebari, da ƙarfin da har Ya Bawa ya zabura.

Wakil ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya gaida ƙaninsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi ƙafar da ke masa ciwo, ya ba da labarin akuyar da ta ɓata ta dawo. Sannan ya fara jero sunaye cikin Barbarci, ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ji na ɗanta ta zauna daɓas a kan kwalta. Wani ya cire hula ya rufe fuska.

"Sai kuma Muhammad Nur," in ji Wakil, "wato..."

Inbata ta yi kuka, allo ya mutu. Batir ya ƙare.

Babu wanda ya yi motsi. Halima Sadiya ta ƙanƙame 'yarta har ta farka.

"Kai!" Kofur ya daka wa wani soja tsawa. "Ciro batir na motarmu! Yi sauri!"

Wannan karon Ɗantala ne ya maƙala wayoyin, Bamanga bai yi musu ba. Lambobi suka fito, kuma babu wanda ya gudu. Jama'a ma suka kama ƙirgawa tare, har da kofur. Da aka ce Bamanga ya tsallaka zuwa inda aka tsaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce wannan ma bai iya ba. Haka aka sake jin gajiya, da zafi, da ƙafa, da akuya, da sunaye talatin da ɗaya.

"Sai kuma Muhammad Nur, wato mai gyaran keke, mijin Halima Sadiya. Yana nan da ƙafafunsa. Ya ce in an sami mace, a sa mata Rauda."

Guɗa ta tashi. Halima Sadiya na dariya, hawaye na zuba a kan zanen goyo.

"Ai an riga an raɗa Hanifa da safe," in ji ɗaya daga tsofaffin.

"A koma a gaya wa liman," ta ce. "Rauda ce. Babanta ya faɗa."

Da taro ya lafa, Ya Bawa ya zare empitirinsa, ya sa iyafis, ya danna. Shiru. Ɗantala ya karɓa ya jujjuya, ya gwada 'yar wayarsa, ya girgiza kai.

"Ya Bawa, muryar tana ciki, amma injiniya ya kulle ta. Daga yau ba za ta fito ba sai da akwatin nan, da talabijin, da batir."

"Da baro," in ji Suwaibatu.

Ya Bawa ya yi lissafi da yatsu. "Akwai 'yan garinmu a Hammadu Kafi, gobe sai mu je. Jibi Bolari. Akwai wasu a Tumfure, su sai mu yi sammako don da nisa."

Bamanga ya dubi tafukansa da suka kumbura, ya dubi baro, ya dubi jama'ar da ke kallonsa. Ya share ganyen kabejin daga kafaɗa, ya ɗan gyara tsayuwa.

"Duk da haka dai kwamfutar aljihu ce," ya ce. "Aljihun ne ba a ɗinka ba tukuna."

Ya Bawa ya ɗauki lemarsa ya buɗe a kan empitirin.

"To kafin a ɗinka, kama hannun baro. Akwai gida arba'in da ba su ji ba."